Gora, Benci da Fartanya: Tarihin Makaman Kunfu da Fim Bai Gaya Mana Ba

1/ Duk wanda ya taso da kallon fim ɗin Chana ya ɗauka kunfu faɗa ne na hannu da ƙafa, makami kuma ƙari ne kawai. A tarihi abin a juye yake. Makami shi ne asali, dambe da hannu kuwa atisayen sabon shiga ne. Kuma makaman da suka fi yi musu rana sau da yawa masu arha ne: sanda, gora, benci. Ku gyara zama, zaren da ɗan tsawo 🧵

2/ 'Yan Chana suna da wani jeri da suke kira "makamai goma sha takwas". Jerin yana canzawa daga zamani zuwa zamani. A wani da aka rubuta lokacin daular Ming (1368 zuwa 1644), na ɗaya shi ne baka. Na biyu baka mai kunama, wanda ake ɗanawa a harba kamar bindiga. Na uku mashi.

3/ Gangara ƙasa ka gani. Na 16 manjagara ce. Na 17 igiya mai zarge. Faɗa da hannu tsura shi ne na 18, can a ƙarshe. Wato abin da muke tsalle a kai a gidan kallo, manjagara ma tana gabansa a layi 😅

4/ To me ya kawo kayan gona cikin makamai? Mu koma baya. A shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Qin Shi Huang, sarkin da ya fara haɗe Chana ƙarƙashin mulki ɗaya, ya sa aka tattaro makaman ƙasashen da ya ci da yaƙi aka kai babban birninsa, Xianyang, aka narkar. Da tagullar aka ƙera manyan gumaka 12.

5/ Shekara 12 kacal bayan haka, ruwan sama ya tsare wasu talakawa kusan 900 da aka taso za a kai aikin soja na dole. Masanin tarihi Sima Qian ya ce hukuncin makara kisa ne. Sai shugabanninsu, Chen Sheng da Wu Guang, suka ga gara su mutu suna faɗa. Itace suka sara, suka haɗa da ƙotar fartanya, suka yi tuta da gora.

6/ An murƙushe su cikin watanni. Amma wutar da suka kunna ta bazu, cikin shekara uku daular Qin ta faɗi. Daga baya ma an sha kafa irin wannan doka. Mongol, da suka mulki Chana a daular Yuan, sun taƙaita riƙe makami ga 'yan ƙasa. A shekarun 1720 sarki Yongzheng ya hana malaman dambe da sanda tara almajirai.

7/ Amma fa a yi hattara da labarin nan da ke yawo cewa wai an hana makami ne shi ya sa manoma suka ƙirƙiro kunfu da kayan gona. Ƙauyuka da yawa suna da masu da takubba na 'yan tsaron gari. Babban dalilin ya fi haka sauƙi: ƙarfe da tsada, kuma ranar da ɓarayi suka zo, abin da ke hannunka shi ne makaminka.

8/ Yanzu Shaolin, tunda na san shi kuke jira. Gidan ibada ne na mabiya addinin Buda a dutsen Song, lardin Henan, an gina shi a 495. A 621 'yan zuhudun gidan sun taimaki Li Shimin, wanda daga baya ya zama sarkin daular Tang, a wani yaƙi. An rubuta wannan a jikin dutse a 728, kuma dutsen yana nan har yau.

9/ Sai dai rubutun bai ambaci wani salon faɗa na musamman ba. Lokacin da Shaolin ya yi suna a fagen faɗa sosai shi ne ƙarni na 16, kuma da SANDA ya yi sunan. Sanda ta dace da su: mai zuhudu dama da ita yake tafiya, ba ta da kaifi, ba wanda zai tare ka a hanya don ya gan ka da ita.

10/ Har tatsuniya suke da ita kan asalin sandar. Wai akwai wani ɗan aikin kicin da ba wanda ya damu da shi. Da 'yan tawayen Jan Rawani suka kawo hari a shekarun 1350, sai ya zari sandar tona wutar murhu, ya rikiɗe ya zama ƙato kamar dutse, maharan suka ranta a na kare.

11/ A zahiri 'yan tawayen sun wawashe gidan, 'yan zuhudun suka gudu. Amma ku lura da abin da tatsuniyar ta zaɓa. Gwarzon ɗan kicin ne, makamin kuma kayan murhu. Ko a labarin da suke ba kansu, daga abin amfanin yau da kullum aka fara.

12/ Yanzu mu je ainihin labarin da ya sa na yi zaren nan. Shekarun 1550, gaɓar tekun kudu maso gabashin Chana. Gwamnatin Ming ta haramta wa 'yan kasuwa cinikin teku, sai fasa-ƙwauri ya koma fashi. Ana kiran maharan "wokou", wato 'yan fashin Japan, duk da littafin tarihin daular da kansa ya ce kusan uku cikin goma ne kawai 'yan Japan. Sauran 'yan gida ne.

13/ Waɗanda suka zo daga Japan ɗin sun zo da dogayen takubba masu tsananin kaifi, kuma sun ƙware. Sojan Ming zai kai sūka da mashi, a sare masa ƙotar, ya tsaya da guntun itace a hannu. A 1555 wata tawaga da ba ta kai mutum 100 ba ta yi ta yawo cikin ƙasa har ƙofar Nanjing. An rubuta cewa sun kashe ko raunata kimanin mutum 4,000 kafin a gama da su.

14/ Abin ya kai gwamnati ta nemi taimakon 'yan zuhudu. A Yulin 1553, a wani wuri mai suna Wengjiagang, kimanin 120 daga cikinsu, ƙarƙashin wani ɗan Shaolin mai suna Tianyuan, sun fatattaki wata tawagar 'yan fashi, wasunsu da sandunan ƙarfe. Sun kashe sama da 100, su kuma suka rasa mutum huɗu.

15/ Amma 'yan zuhudu 120 ba za su tsare gaɓar teku mai tsawon dubban kilomita ba. Nan ne wani matashin janar ya shigo: Qi Jiguang, ana furta shi Ci Jigwang. An haife shi 1528, ya gaji muƙamin soja daga mahaifinsa a Shandong tun yana matashi, aka turo shi lardin Zhejiang a tsakiyar shekarun 1550.

16/ Ya gwada sojojin da ya tarar, ya ga ba za su kai shi ba. A 1559 ya tafi wani gari ya ɗebi kimanin mutum 3,000, manoma da masu haƙar ma'adinai, waɗanda suka yi suna da taurin kai bayan wani rikici kan ramin haƙa. Sunan garin Yiwu. E, Yiwu dai da 'yan kasuwarmu ke zuwa saro kaya yau.

17/ Yadda yake zaɓen mutane ma darasi ne. Ba ya son 'yan birni masu zaƙin baki da wayo, don ya ce su ne ke fara gudu, kuma su ja wasu su bi su. Yana neman ɗan ƙauye mai kantar hannu, wanda rana ta gasa, wanda in an ce tsaya zai tsaya.

18/ Matsalar ita ce ba shi da shekara goma da zai mayar da manomi gwanin takobi. To sai ya koma ga wani makami da ake dangantawa da masu haƙar ma'adinai da suka yi tawaye a yankin a shekarun 1440. Sunansa langxian, kusan "tsintsiyar kyarkeci". Ku saka sunan a Google ku ga hoton, za ku yi dariya.

19/ Gora ce sukutum, mai tsawon mita huɗu zuwa biyar, ba a cire mata rassa ba. A sa mata tsinin ƙarfe a kai, a gyara rassan su baje, wani lokaci a ɗaura musu ƙananan ƙarafa masu kaifi. Shi ke nan. Kamar mutum ya tumɓuke ƙaramar bishiya ya nufi abokin gaba da ita.

20/ Ga yadda take aiki. Mai takobi dole ya matso kusa kafin ya yi sara. Rassan suna tare masa ido, su kama masa riga, su sarƙe takobin. Gora kuma tana lanƙwasa, sara ɗaya ba ya raba ta biyu. Yana cikin fama da rassa, mashi zai fito ta tsakiyarsu.

21/ Akwai dalili na biyu, kuma shi ya fi burge ni. Qi Jiguang ya lura cewa soja ko ya ƙware a filin atisaye, ranar da ya ga mutuwa ido da ido sai hannu ya yi rawa ya manta komai. Amma in akwai rassa a gabansa da suka rufe masa jiki, zuciyarsa tana dakewa. Wato makamin yana maganin tsoro kafin ya yi maganin takobi.

22/ Gorar ita kaɗai ba ta kisa sosai, kuma tana da nauyi. Don haka ya saka ta cikin wani tsari na mutum 12 da ya kira tsarin agwagwa, daga wata irin agwagwa da 'yan Chana ke misali da ita wajen tafiya bibbiyu. Ga yadda yake 👇

23/ Shugaba 1.
Masu garkuwa 2 a gaba, ɗaya doguwa, ɗaya zagayayya ta saƙa.
Masu gora mai rassa 2.
Masu dogon mashi 4.
Masu mashi mai baki uku 2 a baya.
Mai dafa abinci da ɗaukar kaya 1.
Layi biyu, hagu da dama, kowane ɓangare kwafin ɗayan.

24/ Garkuwa tana tare kibiya da sara. Gora tana kare masu garkuwa. Mashi yana kare masu gora, kuma shi ke yin kisan. Na baya suna jiran duk wanda ya kutsa ya wuce tsinin masu. Kowa an ba shi makami daidai jikinsa: matashi mai zafin nama ya ɗauki ƙaramar garkuwa, ƙaƙƙarfan magidanci ya ɗauki gora.

25/ Dokokin kuwa ba sauƙi. In shugaba ya mutu saboda mutanensa sun ƙi kai masa ɗauki, hukuncin kisa ya hau kansu duka. Ladan da ake bayarwa kan abokin gaba da aka kashe na tawaga ne, a raba. An hana na gaba tsayawa neman ganima ana tsakiyar faɗa. Babu gurbin jarumin fim mai tsalle shi kaɗai.

26/ Atisayen fa? Makamin horo ya fi na yaƙi nauyi, don ranar yaƙi hannu ya ji shi sakayau. Ana ɗaura buhunan yashi a ƙafa a yi gudu. Mai mashi kuma akwai jarrabawa: allon katako mai ramuka biyar, daidai ido, maƙogwaro, zuciya, ƙugu da ƙafa. A kowane rami akwai 'yar ƙwallon itace. Ka taho da gudu daga taku 20 ka soke ta.

27/ Abin da ya fi tsana shi ne abin da ya kira salon furanni: juye-juye da wulwula makami don 'yan kallo su tafa. Hujjarsa mai sauƙi ce. A sahun yaƙi mutum yana hagunka, wani yana damanka, wani a bayanka. Ina filin da za ka yi juyi? Ka wulwula mashi, ɗan uwanka za ka fara fasa wa kai.

28/ Sakamako: a 1561 a yankin Taizhou, dakarunsa sun yi nasara a jerin gwabzawa tara. A 1562 a tsibirin Hengyu na lardin Fujian, 'yan fashi sun dogara da taɓon da ke raba su da gaɓa in ruwa ya janye. Sai ya sa kowane soja ya ɗauko damin ciyawa, suna shimfiɗawa suna takawa har suka haye.

29/ Duk wannan ya rubuta shi a littafinsa Jixiao Xinshu wajen 1560. A ciki akwai babi ɗaya kan dambe da hannu, mai tsayuwa 32. Shi da kansa ya bayyana cewa dambe ba shi da wani babban amfani a fagen yaƙi, aikinsa shi ne ya saba wa gaɓoɓi da motsi kafin a ba mutum makami. Da ya sake tsara littafin a 1584, cire babin ya yi gaba ɗaya.

30/ Abin mamaki, wannan babin da ya cire yana cikin rubuce-rubucen da suka fi tasiri a tarihin kunfu. Sunayen da yawa daga tsayuwar nan 32 suna nan a cikin taici na gidan Chen, wannan motsi a hankali da kuke ganin tsofaffi suna yi da safe a bidiyo.

31/ Littafin ya tsallaka ƙetare. Bayan Japan ta mamaye Koriya a 1592, 'yan Koriya sun ɗauki tsarinsa suka horar da sojojinsu, suka fitar da nasu littafin, Muyejebo, a 1598. Gora mai rassa tana ciki. Shi kuwa Qi Jiguang, bayan ya yi shekaru yana tsaron Babbar Ganuwa a arewa, siyasa ta juya masa baya. An sauke shi, ya mutu cikin talauci a 1588.

32/ Akwai abokin aikinsa, janar Yu Dayou, gwanin sanda. Wajen 1560 ya biya ta Shaolin don ya ga sandar da ake ta yabo. Suka yi masa nuni, ya ce musu kai tsaye ainihin abin ya ɓace musu. Ya tafi da biyu daga cikinsu, suka yi shekara uku tare da dakarunsa suna koyo, sannan suka koma su koyar da 'yan uwansu.

33/ Ka ji fa. Soja ne ya je ya gyara wa Shaolin sanda 😂 Kuma littafin da Yu Dayou ya rubuta sunansa "Littafin Takobi", amma abin da ke ciki darasin sanda ne. A ganinsa wanda ya iya sanda ya samu tushen sauran makamai, tunda mashi sanda ce mai tsini, doguwar adda kuma sanda ce mai kaifi.

34/ Masu kunfu suna da wata magana da ta yi daidai da haka: sanda wata guda, adda shekara guda, mashi kuwa har ƙarshen rayuwa. Suna kiran sanda kakan makamai, mashi kuma sarkinsu. Shi ya sa har yau a makarantu da yawa sanda ce makamin farko da ake miƙa wa ɗalibi.

35/ Mu sauka kudu, lardin Guangdong, inda Guangzhou take. A ƙarni na 19 yankin ya sha fama da faɗan dangi da dangi, 'yan fashin kogi da ƙungiyoyin asiri. Salo irin su Hung Gar da Choy Li Fut sun taso a nan, kuma a manhajarsu akwai darussa na musamman kan kayan gida da na gona.

36/ Benci: dogon bencin katako irin na gidan shayi. Ka riƙe shi ta ƙafafu ya zama garkuwa, ka tura gefensa ya zama guduma, ka sarƙe makamin wani tsakanin ƙafafunsa. Dalilin koyon a fili yake. In faɗa ya same ka a gidan shayi, abin da kake zaune a kai shi ne mafi kusa.

37/ Sandar ɗaukar kaya a kafaɗa, irin ta 'yan ga-ruwa: kowane ɗan dako da manomi yana da ita, kuma shekarun ɗaukar kaya sun riga sun gina masa kafaɗa. Fartanya mai doguwar ƙota: nauyinta a kai yake, saranta ɗaya ya isa. Akwai kuma mashi mai baki uku da ake farautar damisa da shi, wanda ya koma makamin tsaron ƙauye.

38/ A Wing Chun, salon Ip Man, makamai biyu ne kawai: gajerun wuƙaƙe guda biyu da wata doguwar sanda da ta kusa mita uku. Labarin baka na masu salon yana danganta sandar da 'yan wasan kwaikwayo masu yawo a jiragen ruwa, inda ake tura jirgi da doguwar gora. Motsinta kaɗan ne, shida da rabi suke ƙirgawa. A maimaita su dai har su zauna a jiki.

39/ Sanda biyu da sarƙa da Bruce Lee ya shahara da ita a fim ɗin Fist of Fury na 1972, wato nunchaku, an fi saninta da tsibirin Okinawa. Amma Chana tana da 'yar uwarta: doguwar sanda da gajeriya haɗe da sarƙa. Wani littafin soja na 1044 ya kwatanta ta da abin da manoma ke bugun alkama da shi. Amfaninta, in an tare doguwar, gajeriyar ta zagayo ta bayan garkuwa.

40/ Wani abin da ke rikita mutane: ƙattin makaman nan da ake nunawa a gidajen tarihi. Ba duka na yaƙi ba ne. Chana tana da jarrabawar zama hafsan soja tun 702. A zamanin daular Qing, bayan harbin kibiya a kan doki da a ƙasa, akwai gwajin ƙarfi kala uku.

41/ Jan baka mai tsananin tauri. Wulwula doguwar adda mai nauyin jin 80, 100 ko 120, babbar ta kai kusan kilo 70. Sai ɗaga dutse mai jin 200, 250 ko 300, babban kusan kilo 180. Ba wanda ke shiga yaƙi da adda mai kilo 70. Kayan jim ne na wancan zamani. An soke jarrabawar a 1901.

42/ Me ya sa aka soke? Bindiga. Ko Qi Jiguang yana amfani da bindigar toka, kuma yana yabonta. Da bindiga ta ci gaba, mashi da takobi suka rasa gurbi a fagen yaƙi. Masanin tarihi Meir Shahar ya nuna cewa a ƙarshen Ming da zamanin Qing ne faɗa da hannu ya bunƙasa, ya haɗu da neman lafiya, sarrafa numfashi da ibada.

43/ Inda abin ya zama bala'i shi ne lokacin da aka haɗa makamin gargajiya da imanin cewa harsashi ba ya ci. A 1899 zuwa 1900, dubban matasan ƙauye a arewacin Chana suka tashi kan Turawa da Kiristocin ƙasar, da takubba da masu, bayan wasu tsafe-tsafe da aka ce sun zama tauri. Turawa suka kira su 'yan dambe.

44/ Harsashi ya ci su. Sojojin ƙasashe takwas suka shiga Bejin a Agustan 1900. A yarjejeniyar 1901 aka ɗora wa Chana diyyar azurfa tael miliyan 450, kusan tael ɗaya kan kowane ɗan ƙasa. Qi Jiguang ya ba manomi gora mai rassa da abokai 11 don ya daina tsoro. Waɗannan an ba su alkawari ne kawai.

45/ Adda ta sake fitowa a Maris 1933, a mashigar Xifengkou ta Babbar Ganuwa. Runduna ta 29 ta Chana, da ke fama da ƙarancin kayan yaƙi, ta kai wa sojojin Japan farmakin dare da manyan adduna, ta yi musu ɓarna. Labarin ya ƙarfafa zukata sosai. Amma a Mayu Chana ta sa hannu kan yarjejeniyar Tanggu ta ja da baya. Adda ba ta kakkaɓo jirgin sama.

46/ Daga nan makaman suka koma filin wasa da fim. Bayan 1949 gwamnati ta tsara wushu a matsayin wasan motsa jiki da ake ba maki. Takubban gasa sirara ne, marasa nauyi, suna karkarwa suna ƙara in an kaɗa. Yana da kyan kallo, yana kuma buƙatar horo mai wahala. Jet Li zakaran wannan wasa ne kafin fim ɗin Shaolin Temple na 1982. An ma saka wushu a gasar Olamfik ta matasa ta Dakar 2026.

47/ Fim ma bai tashi a banza ba. Lau Kar-leung, wanda ya shirya The 36th Chamber of Shaolin a 1978, ɗan Hung Gar ne na gaske. Mahaifinsa almajirin Lam Sai-wing ne, shi kuma almajirin Wong Fei-hung, mai maganin gargajiya na Guangzhou da ya rasu 1925. Jackie Chan kuwa makarantar wasan kwaikwayon gargajiya ya yi, shekara goma.

48/ Su biyun sun haɗu a Drunken Master II na 1994. Ku tuna faɗan gidan shayi da 'yan gatari, inda gorar hannun Jackie ta tsattsage ta baje, ya ci gaba da kora su da ita. Duk lokacin da kuka sake kallo, ku tuna manoman Yiwu. Kusan aikin da gora mai rassa ta yi ke nan shekara 400 da suka wuce.

49/ Rigimar salon furanni kuwa ba ta mutu ba. A 2017 a birnin Chengdu, wani ɗan damben zamani mai suna Xu Xiaodong ya kara da wani malamin taici, Wei Lei, da ke iƙirarin ƙwarewa. Ko minti ɗaya ba a yi ba malamin yana ƙasa. Bidiyon ya tada ƙura a Chana. Tambayar dai ita ce ta 1560: ka taɓa gwada abin nan da wanda ba ya ba ka haɗin kai?

50/ Shi ya sa in ka ga bidiyo a TikTok wani yana nuna yadda za ka ƙwace wuƙa da hannu cikin salo uku, ka tuna janar ɗin da ya ga yaƙi da idonsa bai yarda ya tura mutum ɗaya gaban takobi ba sai da garkuwa, gora mai mita huɗu da masu huɗu a bayansa. In an zare maka wuƙa don waya, ba da wayar. Rai ba shi da sifeya.

51/ Kuma kar wani ya karanta wannan ya ce an ba shi lasisin ɗaukar gora a unguwa. Qi Jiguang yana yawan tuna wa sojojinsa cewa albashin da suke ci, ko ranar da ba su yi aikin komai ba, daga harajin manoma ya fito, kuma su ma jiya manoma ne. Ana ciyar da su ne don su kare waɗannan mutane. Wanda ya juya makami kan talaka, shi ne ɗan fashin da aka kafa rundunar don a kora.

52/ Nan zan tsaya. In ka ƙaru, tura wa abokin nan naka da ke rantsuwa Jet Li zai iya tare harsashi 😄 Wanda kuma ya san wani makamin da ban ambata ba, ya ajiye mana a ƙasa mu ƙaru gaba ɗaya.